Inda Tasa Ba Ta Tafasa Ruwa

Da sunan Wanda ya rataye rana ba tare da igiya ba, ya raba haskenta ga ƙasashe, wata ya auna mata da masaki, wata da ludayi, wata kuwa da ɗan abin da ya maƙale a bakin cokali. Ni ne Korau maƙeri, mutumin Tsaye. Na taka ƙasar masaki, na taka ta ludayi, na zauna a ta cokali, kuma babu wadda na fita ba ta karɓi wani abu a hannuna ba. Mai sauri ya tashi tun yanzu, don ni ban iya ba da labari a gurguje ba.

Ana ce wa garinmu Tsaye ne saboda rana a can ba ta san ratse ba. Da hantsi ta hau, da tsakar rana ta tsaya cak a kan tsakiyar kai, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Haka take rani da damina. Ba mu san itacen girki ba, ba mu san hayaƙi ba. Da tasa muke dafa abinci, wata faffaɗar tasa ta tagulla da ake goge cikinta har ta fi madubi, a kafa ta tana kallon rana, a rataya tukunya daidai inda hasken yake taruwa. Kafin mace ta gama tankaɗe, ruwa ya tafasa. Ni nake ƙera su, da zafin ranar nake narkar da tagullar, kuma ba yabon kai ba, tasar Korau ko busasshen wake aka ɗora mata sai ya yi laushi kafin miya ta nuna.

Allah ya ba ni 'ya guda, Kyauta, ya kuma yi ta zabiya, fara tas tun daga gashin kai har gashin ido. Uwarta Gwamma ta rasu ba da daɗewa ba bayan yaye. Ranar nan da ke ciyar da gari duka, ita ce ke cin 'yata. Ko tsakar gida ta leƙa, fatarta sai ta yi ja, ta tashi bororo, idanunta su yi ta zubar ruwa. Sai na gina mata ɗaki marar taga, a ciki ta yi rarrafe, a ciki ta yi wayo. Da yake ba ta da abin kallo, sai ta kama waƙa. Mata kan zauna a jikin bangon suna saurare, suna cewa Korau ya haifi zabiya biyu a jiki ɗaya, ga ta fata ga ta murya. Ita ma dariya take yi idan ta ji, don Kyauta akwai tsokana, akwai taurin kai, kuma na san inda ta gado na biyun.

Da ta zama budurwa sai wani gyambo ya fito mata a wuya ya ƙi warkewa. Mai magani ya duba, ya ja ni gefe ya ce ɗan hasken da ke shiga ta ƙofa ma ya ishe shi aiki, ranar Tsaye ba za ta bar ta ta tsufa ba. Ban faɗa mata ba, amma wanda ya girma a duhu kunnensa yana jin abin da ba a faɗa ba. Na kai mata tuwo, ta riƙe hannuna.

"Baba, na san muryarka, na san kaushin hannunka, amma fuskarka a duhu na san ta. Ina so wata rana mu tsaya ni da kai a fili da rana tsaka, kai ba ka rufe ni ba, ni ban runtse ido ba. Ko sau ɗaya ne."

Fatake sun sha gaya mana cewa can arewa akwai ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi, mukan yi musu dariya mu ce gajiyar hanya ce ta taɓa su. A ranar na daina dariya. Na ɗinka ɗan ɗaki na fata a bayan takarkari, na sa Kyauta a ciki, na ɗauki ƙaramar tasata da 'yar tukunya. Dabarata ita ce, duk ƙasar da muka sauka in kafa tasa da tsakar rana. Inda ruwa ya ƙi tafasa, nan ne 'yata za ta fito.

Muka yi ta tafiya, tasa tana tafasa ruwa a kowane zango kamar ba mu bar gida ba, har muka shiga ƙasar Rumfa. Mutanen Rumfa makiyaya ne, amma ba shanu suke kiwo ba, gizagizai suke kiwo. Kowane gida da turkensa, kowane turke da igiya doguwa da ta haura sama ta ɗaure girgije, da safe a ja shi ƙasa a tatsi ruwa. Na kafa tasa a ƙarƙashin garken, ruwa ko ɗumi bai yi ba. Na buɗe ɗakin fata, Kyauta ta fito ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube ni a cikin wannan dishi-dishi, ta ce ai wannan ɗakinta ne aka faɗaɗa. Ta kuma yi gaskiya ta wata fuskar, don duk sa'ad da aka kora garke zuwa wani fage, rana kan faɗo ta gurbin da zafinta na Tsaye, sai mun ruga mun ɓuya.

Da ma iyakarta ke nan da sauƙi. Sarkin Turke, shugaban makiyayan, ya ga farin Kyauta ya yanke cewa 'yar girgije ce ta faɗo daga sama, kuma idan aka ajiye ta gizagizan daji za su riƙa saukowa nemanta. Ba su dake ta ba, ba su zage ta ba, har nono suka kawo mata. Sai dai sun ɗaura mata igiya a ƙafa a turken babban girgijensu, wanda suke kira Bijimi. Na yi roƙo, na yi faɗa, na yi rantsuwa da kabarin uwarta cewa mace ce ta haife ta, Sarkin Turke ya ce kowane ɓarawon girgije haka yake cewa.

Na haƙura na jira ranar canjin fage. Da aka ja gizagizan gefe, wani tsinin rana ya faɗo kusa da turken, sai na ce Kyauta ta lulluɓa. Na tara hasken a tasa na ɗora shi a kan igiyar ƙafarta, ta tsinke, na mayar da shi kan igiyar Bijimi. Mutanen da ba su taɓa ganin an yanka abu da haske ba suna tsaye suna kallo har hayaƙi ya tashi. Bijimi ya ji wuyansa sake, ya yi arewa. Gari ya bi shi da igiyoyi da ihu, kowa kansa a sama, babu mai duban ƙasa. Mu kuwa muka shige ƙarƙashinsa da takarkarinmu, muka yi ta tafiya a inuwarsa kwana da kwanaki, Kyauta tana yi masa waƙar ban gajiya, har ya zubar da ruwansa ya ƙare a gindin wani dutse.

Dutsen nan shi ya cuce mu, kuma harshenmu ne ya taya shi. A Tsaye idan an ce rana ta yi, zafi ake nufi, idan an ce zafi, rana ake nufi, ba mu taɓa raba su ba. To muna hawa sai muka ji sanyi yana ƙaruwa, har haƙora suka fara kaɗawa, har muka iso inda ƙasa ta rufe da farar dusar ƙanƙara. Kowane mutumin Tsaye abin da zai ce ke nan: inda ake rawar ɗari rana ta mutu. Da sassafe Kyauta ta yaye mayafi ta fita. Ta dunƙula ƙanƙarar ta jefe ni, ta yi gudu, ta faɗi, ta tashi tana dariya. Ban taɓa ganin ta tana gudu ba sai ranar, na zauna ina kallo hawaye yana daskarewa a gemuna.

Da rana ta take tsaka na kafa tasa, don kawai in ga ta kunyata. Yatsuna sun sandare, da ƙyar na rataya tukunyar. Ban gama gyara zama ba na ji ruwa yana ɓararraka, da saurin da ko a Tsaye ban taɓa ji ba. Na dubi tukunyar, na dubi 'yata can nesa a kan farin fili, kanta a buɗe tun safe. Na ƙwala mata kira na ruga da mayafi.

Kafin yamma ta ƙone daga sama, ta ƙone daga ƙasa, don farar ƙanƙarar ma mayar da hasken take yi, har ƙarƙashin haɓarta ya saluɓe. Idanunta suka kumbura suka rufe. Na saɓa ta a baya na gangara ɗaya gefen dutsen, tana ce mini in daina kuka ina jiƙa mata hannu.

A can ƙasa akwai gari a bakin teku mai suna Gaɓa, nan muka haɗu da Iya Marka, wata tsohuwa mai jirgin ruwa, gajera, mai faɗa kamar ni. Ita ta yi jinyar Kyauta da man kifi har idanun suka buɗe. Da na ba ta labarin dutsen sai ta kira ni sakarai ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta ce a kan dutse bargon iska siriri ne, rana na ratsa shi ba ta rage komai ba, sanyi daban, cizon rana daban. Sa'an nan ta ja ni cikin rumfarta inda haske ke shigowa ta wata 'yar huda, ta tara faifai sosai a ƙarƙashinsa. Hasken ya zauna ɗan ƙarami, mai kaifi. Ta karkata faifan, sai ya miƙe ya bazu ya dushe.

"Ranar ɗaya ce, maƙeri," in ji ta. "A garinku a tsaye take zuba, a namu a kishingiɗe. Abin da tafin hannu ɗaya yake sha a wurinku, a wurinmu tabarma guda ce ke raba shi."

Na so mu tsaya a Gaɓa, don lokacin da muka zo tasa sai ta yi ta nishi kafin ta tafasa ruwa. Amma a ƙasar nan rana tana da lokacin hawa da lokacin sauka. Da watanninta na hawa suka zo, gyambon wuyan Kyauta ya sake buɗewa, tun ƙunar dutse fatarta ba ta ɗaukar ko kaɗan. Iya Marka ta ce saura wuri ɗaya, garinsu, Kishingiɗe, can ƙarshen teku. Ta gargaɗe ni cewa a can rana takan tafi ta bar gari watanni. Na ce to, a raina kuwa na ce tsofaffi da ƙarin gishiri.

Muka shiga jirgi. Kullum na fito da tsakar rana sai in ga rana ta ƙara sunkuyawa kudu, inuwata ta ƙara tsawo. Muka wuce tsaunukan ƙanƙara masu yawo a kan ruwa, muka wuce kifayen da suka fi jirginmu girma suna feso ruwa ta ka. Kyauta tana cikin ɗakinta suna tsokanar juna da Iya Marka, wannan ta ce kaka mai warin kifi, waccan ta ce farar kaza marar gashi.

Ranar da muka sauka Kishingiɗe, rana tana can ƙasa-ƙasa kamar ta la'asar sakaliya, aka ce mini wai tsakar rana ke nan. Na kafa tasa a kan duwatsun bakin ruwa. Na jira. Na gyara ta, na goge ta da hannun riga, na sake jira. Na tsoma yatsa, ruwan ya yi ɗumi irin na wankan jariri, daga nan bai ƙara ba. Ban yarda ba sai da na sa Kyauta ta miƙo hannu ɗaya waje, muka zauna muna kallonsa har na gaji, bai yi ja ba.

Ta fito. Ta tsaya a gabana kanta a buɗe, idanunta a buɗe, inuwarmu biyu sun miƙe a kan duwatsu gefe da gefe. Ta daɗe tana kallon fuskata, ta shafa goshina, ta shafa tabon da tartsatsin tagulla ya bar mini a kunci.

"Ashe haka kake da muni, Baba," in ji ta. "Da na sani da na yi zamana a ɗaki."

Muka yi dariya, dariyar ta juye kuka, mutanen garin suna tsaye nesa suna kallon baƙin da ke kuka a kan tukunyar da ta ƙi tafasa. A duk rayuwata ban yi farin ciki kamar na ranar ba, kuma ban ƙara yin irinsa ba.

Kwanakin hasken kaɗan suka rage. Kullum rana na ƙara gajarta, ta leƙo ta koma, har ranar da ba ta leƙo ba. Teku ta daskare. Iya Marka ba ta ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Na koyi hura wuta da tsufana, hayaƙi yana sa ni tari, tasata tana rataye a bango ba ta da aiki. Kyauta kuwa duhu gidanta ne. Ita ke jan mutane a hanya, ita ke waƙa a babban zauren da gari ke taruwa, gyambonta ya rufe, ta yi ƙiba. Ni ne na fara lalacewa. Ƙasusuwana suka kama ciwo, haƙorana suka yi girgiɗi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Suka ɗura mini man kifi har na tsani ƙamshinsa, bai hana komai ba. Daga baya magana ma ta fita raina, sai in juya fuska bango in yini.

Da rana ta dawo, Kyauta ta riƙa jan ni zuwa kan duwatsu tana shanya ni kamar tsumma. Na ɗan farfaɗo, amma ban miƙe sosai ba. Iya Marka ta zo ta zauna, ta faɗi maganar a gabanmu duka, don ita ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce fatata garkuwa ce da aka yi don ranar da ke dukan tsakiyar kai, tasu ba ta da ƙarfin ratsa ta. Ta ga mutanen kudu irina, duhun farko sukan tsallake, na biyu ba sa tsallakewa. Jirgi kuma sau ɗaya yake fita, idan ƙanƙara ta narke, ya dawo dab da za ta rufe. Duk wanda ya biyo shi dawowa, duhu zai tarar.

Na ce ba inda za ni, a nan za a binne ni, kuma wanda ya isa ya ɗaga ni. Kyauta ba ta yi gardama ba. Ta tashi ta ninke mayafinta na hanya, wanda ta lulluɓa da shi tun daga Tsaye, ta ajiye a kan cinyata.

"Jirgin nan da ɗayanmu zai tashi, Baba. In ba ka shiga ba ni zan shiga, kuma ba da wannan ba."

Na dube ta, na san za ta aikata. Ni na haife ta.

Da jirgi ya ɗaga tana tsaye a kan duwatsun nan da muka fara tsayawa, kanta a buɗe, rana a fuskarta. Ba ta ɗaga hannu ba, waƙa take yi, irin wadda take yi a ɗaki marar taga. Na yi ta jin muryar bayan na daina ganin ta.

Ban koma Tsaye ba, me zan je in yi? Na zauna a Gaɓa, inda ranar ta ishe ni rayuwa, na warke, na koma ƙera tasa. Kowace shekara idan jirgi ya iso, matuƙan sukan zo ƙofar maƙerata su tsaya su rera sabuwar waƙar da Kyauta ta koya musu, da muryoyinsu marasa daɗi. A cikin waƙa na ji ta zaɓi wani masunci ta aura, wai shi ma mummuna ne kamar ubanta. A cikin waƙa na ji ta haihu, mace, ta sa mata Gwamma. Na raba goro a Gaɓa kamar a gidana aka yi sunan.

Sai wata shekara jirgi ya iso, matuƙan suka zo suka tsaya, babu wanda ya rera waƙa. Iya Marka ce ta ratso su, ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda, da yarinya goye a bayanta. Ta kwance ta ta tsayar a gabana. Baƙa ce wuluk, launina sak, har goshin. Ƙafafunta sun lanƙwashe kamar baka, tana riƙe da zanen tsohuwar don kada ta faɗi.

Na tambaya ko Kyauta na da rai. Iya Marka ta ce lafiyarta ƙalau, ita ce ma ta goya mata yarinyar da hannunta, ta ɗaure zanen, ta sake kwancewa ta ɗaure.

"Ta ce in gaya maka ga amaryarka nan, ka shanya ta. Ta ce a wurinka ta koyi yadda ake kai ɗa inda zai rayu." Tsohuwar ta goge ido da bayan hannu. "Waƙa kuwa, ta ce a yi mata haƙuri bana."

Wannan shi ne abin da na gani a ƙarƙashin rana guda, wadda aka auna wa kowa da mudunsa daban. Gwamma yanzu tana gudu, ƙafafun sun miƙe, har takan ce ba za ta auri tsoho mai tabo ba. Amma wani lokaci da tsakar rana takan bar wasa ta zo ta zauna kusa da ni, ta tambaye ni yadda garin innarta yake. Ni ban iya waƙa ba. Sai in ɗauko ƙaramar tasar nan in rataya tukunya, in karkata ta, in ƙara karkatawa, har hasken ya bazu ya dushe, ruwan ya yi ɗumi ya tsaya a nan. In ce mata ga ranar da ke kan innarki yanzu. Sai ta tsoma hannu a ciki. Idan na ga an daɗe na kai hannu zan miƙe tasar, sai ta riƙe mini yatsa.

"Kaka, kada ka miƙe ta tukuna."